Re: Wai yaya Meryl Streep take shiga rol haka?

'Yar'uwa na ga tambayarki kan yadda Meryl Streep, jarumar fim ɗin Amurka, take rikiɗewa a fim kamar ba ita ba, kuma kina son ki gwada irin shirinta tunda kin fara aktin.

Gaskiya ba baiwa ce kawai ba. Matar nan ta yi karatun wasan kwaikwayo a jami'ar Yale, ta sha wasan dandamali kafin ta shiga fim. Dubi Sophie's Choice na 1982, inda ta fito a matsayin 'yar Poland da ta tsira daga sansanin Auschwitz na 'yan Nazi, sai da ta zauna ta koyi yaren Poland da Jamusanci don harshenta ya fita daidai, fim ɗin ya ba ta kyautar Oscar, yanzu guda 3 gare ta.

Inda sabbi ke kuskure shi ne su ɗauka kuka da ihu ne aktin. A'a, fara da karanta labarin sosai ki gane me matar da za ki fito a matsayinta take so, me take ɓoyewa. Karin harshe kuma ki nemi mai koyarwa, kwaikwayo daga fim ba ya isa. In kuma darakta ya ce ki rame ko ki yi ƙiba, don Allah kar ki fara sai kin ga likita.