Amsa ga Kawu: mu da bankin manyan Italiya

Kawu, ranka ya daɗe, na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce ka ji sunan Mediobanca a labarai, kana tambaya ko can muke ajiya, kuma ko zan yi maka hanyar rance ka faɗaɗa harkar fatu. Wallahi na yi dariya, amma ba ta raini ba. Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan, ban san Bahaushe ko ɗaya da ya taka ƙofar hedikwatarsu ba.

Na dai taɓa zuwa kallo, ran da na je Milan tarbar baƙo. Tsohon gida ne a lungu, bayan gidan wasan La Scala. Ba layi, ba hayaniya. In ba a nuna maka ba, wucewa za ka yi.

A 1946 aka kafa shi, Italiya na kwance bayan yaƙin duniya na biyu. Dokar 1936 ta raba bankunan ajiya da harkar bashi mai dogon zango, ga masana'antu kuma suna neman jari. Sai manyan bankuna uku, Banca Commerciale Italiana da Credito Italiano da Banco di Roma, suka haɗa hannu. Raffaele Mattioli ne ya assasa, amma wuƙa da nama suna hannun Enrico Cuccia, kuma faɗa a ji ne har ya mutu a 2000. Mutumin nan ba ya hira da 'yan jarida. Sai su bi shi a titi da kyamara, shi ko kansa a sunkuye, ko uffan. Manyan gidaje irin Agnelli masu Fiat, da Pirelli, a zaurensa ake sasanta su: wa zai sayi wane, wa za a tallafa kada ya durƙushe. Ko da Libiya ta Gaddafi ta sayi hannun jari a Fiat a 1976, da shi aka ƙulla. Ana jingina masa maganar cewa hannun jari auna shi ake yi, ba ƙirgawa ba. Kai da ka san dillalan da bakinsu ya fi takarda a Kano, ba sai na fassara maka ba.

Labarin da ka ji kuwa, a 2025 ne bankin Monte dei Paschi na Siena, wanda ke nan tun 1472, kuma gwamnati ta ceto shi a 2017, ya karɓe ragamar Mediobanca. Abin da aka fi kwaɗayi shi ne kashi kusan 13 cikin ɗari da Mediobanca ke riƙe da shi a kamfanin inshora na Generali.

Mu nan Arzignano, masu aikin jima, tamu hanyar daban. Yawancinmu albashi a asusun gidan waya yake faɗowa. Muna da adashe, mu goma sha biyu, da 'yan Zangon Kumasi da 'yan Agadas, Yuro 200 kowa duk wata. Da kwasata na yi rufin ɗakin Inna. Akwai kuma asusun da muke zubawa bayan sallar Juma'a saboda rasuwa, don kai gawa gida ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Inda inuwar Mediobanca ke taɓa mu ɗaya ce: Compass, kamfaninsa mai ba da bashin kayan gida. Ka shiga kanti sayen firiji, sai a ce ka biya kaɗan-kaɗan. Nan ake kai ruwa rana a masallaci. Wasu sun ce in takarda ta nuna babu ruwa ko kaɗan, ba laifi. Dattawa sun ce a duba ƙananan rubutun ƙasa tukuna. Ni dai jira nake kwasata ta zagayo.

Batun fatunka, Kawu, turo min hoton na akuyar nan ja, da adadin da za ka iya haɗawa a wata. Zan nuna wa mai gidana ran Litinin.