Ga 'yar'uwar da ke neman abin da za ta kai wa Babanta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun da asuba na ga tambayarki, na ce bari sai na sallami yara makaranta in zauna in amsa, don ba amsar layi biyu ba ce. Kin ce Babanku zai ajiye aikin koyarwa a ƙarshen watan nan, mutum ne da ba ya rabuwa da littafi, ƙannenki sun haɗa kuɗi sun damƙa miki, ke kuma kin rasa abin saye. Shadda da hula sun yi masa yawa, littafi kuma kina tsoron ki sayo wanda yake da shi. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru, don wannan ruwan na taɓa shiga shi, kuma ban fita da daɗi ba.

Na ga wasu sun ce ki saya masa Alƙur'ani mai kyau ki huta. Ba laifi, babu kyautar da ta fi shi. Amma kafin ki kai hannu aljihu, don Allah ki binciko da wace ruwaya yake karatu. Abin da ya kayar da ni ke nan.

Namu Baban, Allah ya jiƙansa, hedimasta ne na firamare, amma kafin boko sai da ya yi sauka a makarantar allo. Albashina na farko ban taɓa ko kwabo ba sai da na shiga kasuwa na sayo masa wani Alƙur'ani mai ruwan zinare a gefe, cikin akwatinsa, na haɗa da tafsiri mujalladi huɗu. Ina tafe ina jin kaina, na ce yau na fita kunyar Baba. Ya karɓa hannu biyu, ya yi ta sa min albarka har Mama ta ce ya isa haka Malam. Wata ɗaya, wata biyu, duk zuwan da zan yi sai in tarar da akwatin nan a saman kabad inda aka ɗora shi ranar farko, shi kuma yana kan buzunsa da tsohon Alƙur'aninsa na cikin gafaka, wanda takardunsa har sun yi ja. Na ƙullaci abin a raina ban faɗa wa kowa ba. Sai wata rana muna tsinken zogale Mama ta ce, ke ba ki san Babanki da Warshu ya yi sauka ba? Wanda kika kawo ai Hafsu ne.

Mu 'yan Islamiyya da Hafsu muka tashi, ba mu cika lura ba. Amma dattawan da suka yi allo da Warshu suka saba, kuma ba karatun kaɗai ya bambanta ba, har rubutun. A nasu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A namu fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Kin ga ke nan abin da idonsa ya yi shekara hamsin yana karantawa ƙaf, ni na kawo masa inda ya zama fa. Ba wai ba zai iya ba, yana iyawa sarai, amma mutum ba ya sakewa. Ga shi bugun Warshu bai yi wuyar samu ba, maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ma tana buga shi, a kasuwar Kurmi ta Kano kuwa har na rubutun hannun mahaddatan garin da aka buga ana sayarwa, masu manyan baƙaƙe. Ni ce dai ban tambaya ba.

To wannan ma mai sauƙi ne. Abin da har yau yake cin raina shi ne tafsirin. Rubutunsa ƙanana ne kamar an watsa gero, kuma ashe a lokacin idon Baba ya riga ya fara tafiya, yana ɓoyewa. Kin san mazan da, ciwo sai ya kayar da su ake sani. Alamun duk suna gabana ban gani ba. Ya daina karatu bayan magariba, ya ce wai sauro ne ke damunsa a tsakar gida. In an kawo jarida sai ya kira jikansa ya ce zo in ji ko ana koya muku wani abu a makarantar taku, yaro ya yi ta karantawa shi kuma ya lumshe ido yana gyara masa. Mu muna dariya muna cewa malanta ba ta barin jini. Ashe yanar ido ce ta rufe masa gani. Shekara biyu cur mutumin da ya koya wa rabin unguwarmu karatu yana zaune a cikin littattafansa ba ya iya ganin layi, ni kuma 'yarsa ina can ina fushi wai bai buɗe kyautata ba. In na tuna wannan fushin nakan ji kunyar kaina.

Ranar da abin ya fito fili, takardar fansho aka kawo ya sa hannu, ya sa a inda ba nan ba ne. Ƙanina ya kalle ni na kalle shi. Satin nan muka ɗauke shi zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, yana ta faɗa a mota wai mun mai da shi tsoho. Aikin yanar nan fa ba wani dogon aiki ba ne, ba a ko sa shi barci ba, idon kawai aka kashe. Washegari da aka cire filasta, abin da ya fara yi shi ne karanta kalandar da ke jikin bango da ƙarfi, har lambar wayar da ke can ƙasa. Na fita waje na yi kuka na more. Da muka dawo gida da kansa ya ce a sauko masa da tafsirin nan. Wata goma sha huɗu ya ƙara a duniya, ya kai tsakiyar mujalladi na biyu, tsinken tsintsiyar da yake sa alama yana nan a wurin.

Saboda haka ni in kin bi tawa, cikin kuɗin nan ki fara cire na ganin likitan ido. Mutum in ya haura arba'in dama ganin kusa yakan fara raguwa, balle wanda ya yi shekaru yana makin takardun yara da daddare. Kada ki saya masa tabarau na tire a bakin titi ki ce kin gama, wancan lamba ce kawai ake gwadawa, ba zai nuna yana ba, ba zai nuna hawan jinin ido ba, shi kuwa wannan ba ya ciwo sai ya gama ɓarna. In zai yi gardama, ki ce ke za a duba ya raka ki.

Sai fitila. Ki samo mai caji ko mai sola, wadda wuyanta ke lanƙwasawa ta haska takarda kai tsaye. An ɗauke wuta ba a ɗauke ba, karatunsa na tafiya. Abu ne mai araha amma kullum sai ya taɓa ta, ba kamar agogon bango da ake ba duk wanda ya yi ritaya ba. Baba uku aka ba shi a rana ɗaya, ya ce to yanzu da ba ni da inda za ni da sassafe ne kuka ga ya dace in san lokaci.

Af, kin yi maganar tsoron sayo wanda yake da shi. Wannan ai ba wuya. Ki je gaishe su, in ya fita masallaci ki shiga ɗakinsa ki ɗauki hoton littattafan da wayarki. Abin da za ki duba ba wanda babu ba ne, giɓi za ki duba. Duk mai tara littafi yana da wanda aka ara ba a dawo da shi ba, kuma yana nan tsaye a ransa kamar ƙaya. Za ki ga na ɗaya da na uku, babu na biyu. Ki cike masa wannan giɓin ki ga yadda fuskarsa za ta yi. Ko ki duba wanda bangonsa ya fita saboda yawan buɗawa, ki kai wa masu ɗinkin littafi na wajen maɗaba'a su yi masa sabon bango mai kauri. Amma wannan kam ki nemi izininsa, kada ki ɗauka a ɓoye, hankalinsa zai tashi ya zargi yaran gida.

Tunda maganar aro ta zo, ku yi haƙuri 'yan'uwa, sai na amayar da abin da ke cikina. Akwai wani ɗan ƙanin Baba, a gidanmu ya tashi, Baba ne ya sa shi makaranta, ya yi masa komai har aure. Ranar sadakar bakwai, muna cikin gida ana ta karɓar gaisuwa, ashe bawan Allahn nan ya shiga turakar Baba da buhu. Mama na takaba, ya leƙa ya ce Inna zan ari 'yan littattafan Malam in duba. Matar da ke cikin wannan hali me za ta ce? Ta ce to. Buhu biyu ya cika. Har da Magana Jari Ce ɗin Baba, duka ukun, tsohon bugun Zariya, wanda da shi ya koya mana karatun Hausa, kowa da darensa, in ka yi tuntuɓe a kalma ka sake layin daga farko. A shafin farko akwai sunayenmu da ranakun haihuwarmu da rubutun hannunsa. Wannan fa dukiyar magada ce, ba a ko raba gado ba.

Na bari aka yi arba'in na aika, ya ce yana dubawa. Bayan salla na sake aikawa, ya ce an yi masa ƙaura suna cikin kaya. Da na gaji na je da ƙafata, matarsa ta nuna min wani ɗakin ajiya a bayan gida, mai yoyo. Damina guda ta wuce a kansu a ƙasa, cikin buhun. Da na ɗaga, gindin buhun ya zauna a wurin. Gara ta gama da su, abin da ya rage ya manne ya zama kamar tubali. Ko ɗaya bai buɗe ba, wallahi ko ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai, da ya dawo ya same ni durƙushe ina tsince-tsince, cewa ya yi haba Yaya, a kan tsofaffin takardu kike wannan kukan, ai ana sayar da su a kasuwa. Yayyena sun ce in bar wa Allah don zumunci, na bari, muna gaisawa a wajen biki da suna. Amma ban ce na manta ba. Tafsirin nan ma don yana ɗakin Mama ne ya tsira.

Na je kasuwar kuwa na sayo wani Magana Jari Ce ɗin. Littafin da tun 1937 ake buga shi ai ba zai ɓata ba. Sai da na zo gida na ga jabu aka ba ni, hotunan sun yi baƙi ƙirin, shafi goma sha shida babu a tsakiyar na biyu, wasu kuma an maimaita su. Don haka duk abin da za ki saya, ki tsaya a gaban mai shagon ki bi lambobin shafi, ki duba ko tawada ta dushe, ki buɗe tsakiya ki ga ko gam ɗin zai saki. Kada ki ji kunya, kuɗinki ne.

In kuɗin da kuka haɗa sun kai, ki kira kafinta ya yi masa kanta mai ƙofar gilashi da makulli. Na ce da makulli. A ɗaga ƙafafunta daga ƙasa, kada a manna ta da bangon da ke jan danshi, a jefa kafur a kowane hawa saboda kyankyaso. Ki kuma sa a yi masa hatimi mai sunansa ya bi littattafan yana bugawa, ko banza mai aro zai ji nauyi. Da mun yi wa Baba haka, da wancan bai samu na zubawa a buhu cikin minti goma ba.

Wata ta kawo shawarar babbar waya ta karatu, wai a zuba masa littattafai dubu. Ni dai ban hana ba, amma ki duba mutumin. In har yanzu jikoki ne ke duba masa saƙo, to jikokin kika saya wa, cikin sati za ki tarar ana wasan mota da ita. Masu irin shekarunsu suna son su ji takarda a hannu, su ja layi da jan biro, su rubuta gyara a gefe. Baba har kuskuren ɗab'i yake gyarawa a littafin da ba wanda zai duba bayansa.

Kuma ko me kika saya, in littafi ne, ku rubuta wani abu a shafin farko, ku duka, kowa da hannunsa har ƙaramar cikinku, ku sa kwanan wata. Ni ban rubuta komai a nawa ba, na ce kada in ɓata sabon littafi.

Ki leƙa ki gani Warshu ne ko Hafsu, ki auno min kuma faɗin bangon ɗakin nasa. In a Kano kuke ki yi min magana ta gefe, ranar Asabar dama zan shiga Kurmi sayen allo wa autana, sai mu shiga tare.