Mai surutu, magananne da rediyo mai jini

Tambaya: Malam, ina harkar kasuwanci a Guangzhou. Tafintana Basiniya ce, tana ƙara koyon Turanci, ta ce in bambance mata "talkative", "chatterbox" da "garrulous". Na ce duk mai surutu ne, ta ƙi yarda. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Alhaji, ita ce, kuma da ka koma Hausarka da ka gane. Ai mu ma ba suna ɗaya muke kiran masu surutu ba.

"Talkative" ba zagi ba ne, mutum ne mai son hira kawai. "Chatterbox" an fi faɗa wa yara, cikin raha, irin 'yar shekara huɗun nan da za ta dawo daga Islamiyya ta zauna kan ƙafar kakarta ta kwashe labarin aji kaf, har da wanda ya yi kuka. Mu sai mu ce magananniya, ko aku. Uwa tana faɗa tana murmushi.

"Garrulous" kuwa akwai gajiya a cikinsa. Asalinsa Latin ne, kuma yawanci dattijo ake nufi, wanda in ya kama ka a majalisa bayan La'asar sai kiran Magariba ya ƙwace ka, labarin kuma ka sha jin sa. Shi ne muke cewa yana ta zuba kamar kanya. Wanda ya taɓa tsayawa gindin kanya lokacin nunarta ya san ba a ce mata dakata.

Ƙara mata biyu. "Windbag" shi ne mai dogon Turanci, a yi ta ɓaɓatu ba ƙwaya. "Blabbermouth" laifinsa daban: ba ya riƙe sirri. Wannan ne rediyo mai jini, shi Bahaushe ke ja wa kunne da cewa baki shi ke yanka wuya. Kada ta kuskura ta kira abokin ciniki da ɗayansu.

Ka tambaye ta "hualao" na harshensu. Gaɓar farko magana ce, ta biyu tsohon sunan tarin fuka, wato surutu ya zama ciwo. Na fi jin daɗin wannan a kan na Turancin duka. Sai dai matasansu kan kira kansu da shi cikin wasa, don haka ya fi kusa da "chatterbox".