Zan iya hana kamfanonin caca amfani da manhajar da na rubuta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne a Aboabo, Kumasi. Na rubuta manhajar ajiye lissafin adashi, wato susu, kuma ina so in sake ta ga kowa, amma da sharaɗin kada kamfanonin caca da masu ba da bashi da ruwa su yi amfani da ita. Abokina ya ce idan na yi haka, ta fita daga sahun 'yantattun manhajoji. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokinka ya yi gaskiya, kodayake wannan bai hana ka gindaya sharaɗin ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 ta haɗa da manhajojin kwamfuta, saboda haka abin da ka rubuta da kanka kai ke da iko da shi. Sunan 'yantacciya ne kawai za ka rasa.

Richard Stallman, wanda ya fara aikin GNU na samar da 'yantattun manhajoji a 1983, ya tsara 'yanci huɗu da dole manhaja ta bai wa masu amfani da ita kafin a kira ta 'yantacciya, kuma na farkonsu shi ne kowa ya yi amfani da manhajar don kowace irin buƙata. Ƙungiyar Open Source Initiative, mai tantance lasisin manhajojin da ake buɗe wa kowa, da aka kafa a 1998, ita ma ba ta amincewa da lasisin da ya ware wasu mutane ko wata sana'a. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin manhaja ɗaya takan ƙunshi guntayen aikin mutane masu yawa, kuma idan kowannensu ya ɗora aƙidarsa a kan nasa guntun, ba wanda zai san abin da aka halatta masa.

An taɓa gwada irin tunaninka. A 2002 Douglas Crockford ya sa jimla a lasisin manhajarsa ta JSON, wani tsarin musayar bayanai tsakanin manhajoji, cewa a yi amfani da manhajar don alheri, ba don sharri ba, sai masu haɗa Debian, wata babbar 'yantacciyar manhajar sarrafa kwamfuta, suka ƙi ɗaukarta a matsayin 'yantacciya, tunda babu ma'aunin sharri da kowa ya yarda da shi. Lasisin Hippocratic na 2019, wanda ya hana amfani da manhaja wajen take haƙƙin ɗan Adam, shi ma bai sami wannan sunan ba.

A ganina sharaɗinka zai fi takura wa masu gaskiya. Kamfanin caca da ke gudanar da manhajarka a cikin ofishinsa ba za ka gan shi ba, balle ka kai shi kotu, alhali ƙungiyar 'yan kasuwar Kejetia da ke ajiyar kuɗinta a banki mai ba da ruwa za ta tsaya tana tambaya ko haramcin ya shafe ta.

Kafin komai, ka duba abin da ka ara. Idan akwai guntun aikin wani mai lasisin GPL, wato lasisin da aikin GNU ya fitar, a ciki, ba ka da damar ƙara wani sharaɗi, domin GPL ta hana hakan ƙarara. Idan lasisin guntun MIT ne ko BSD, waɗanda suka fi GPL sassauci, kana iya sa naka a kan ɓangaren da ka rubuta, muddin ka bar sanarwar masu aikin na asali yadda ka same ta.