Kunzugun yadi: nawa zan saya, kuma me ya sa yake zarni?

Tambaya: Anti, barka da aiki. Cikina ya shiga wata takwas, kuma na fari ne. Na yanke shawarar yin amfani da kunzugun yadi maimakon famfas, amma da na ga iri-irinsa sai kaina ya ɗaure. Wanne zan saya, kuma guda nawa?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, ƙanwata. Sabon jariri ana canza masa kunzugu sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana. In kowane kwana biyu za ki yi wanki, kada ki kasa guda 24, sai wandon roba 5 ko 6 da ake ɗorawa a kai.

Ni dai zaɓina shi ne farin nafkin na auduga mai kusurwa huɗu, wanda ake ninkewa da hannu. Ba ya ɗaukar ido, amma in kika warware shi sabulu na ratsa ko'ina, bushewarsa ba wuya, kuma da yaro ya ƙara girma ninkin kawai za ki canza. Wanda aka ɗinke da robarsa da maɓallansa gaba ɗaya yana da daɗin sakawa, musamman da tsakar dare ko a hanya, sai dai yana da kauri, yana daɗewa a kan igiya. Ki sayi biyu ko uku ki gwada tukuna, domin cinyar kowane jariri daban take. Akwai kuma mai aljihu da ake cusa wa tsumman maikurofaiba, wato yadi mai laushi da aka saƙa da siririn zaren roba. Wannan tsumman yana shan fitsari da sauri, amma kamar soso yake, da yaro ya zauna a kai sai ya matso, kuma ba a barin sa ya taɓa fata domin yana busar da ita.

Kafin haihuwa ki wanke sababbin kamar sau uku. Sabuwar auduga tana da ɗan maiƙo da ke hana ta shan ruwa. Ki zuba cokali ɗaya na ruwa a kai, in ya tsaya yana gangarawa to da saura. Sannan har cibiya ta faɗi, ki riƙa ninke gaban kunzugun ƙasa da ita don ta sha iska.

Tambaya: Ɗana wata bakwai. Ina wanke kunzugunsa, in ya bushe ba wari, amma da ya yi fitsari sai zarni ya tashi har ya shiga ido. Yanzu ga ƙuraje sun feso masa. In zubar in sayi wasu?

Amsa: Kada ki zubar, 'yar'uwa, wankin ne bai kai ciki ba. Ragowar fitsari na maƙale a cikin zaren, ƙwayoyin cuta suna juya shi ya zama amoniya, wato sinadari mai kaifin wari, kuma sabon fitsari ne ke tayar da ita. Ita ce ke yi miki yaji a ido, to ki ƙiyasta yadda take yi wa fatar yaro.

Wanki biyu za ki riƙa yi. Da kin cire, ki kakkaɓe kashin a bayan gida, domin tunda ya fara cin abinci kashinsa ba ya narkewa a ruwa kamar na lokacin nono zalla. Wanki na farko shi ne ki ɗauraye da ruwan sanyi, ki matse, ki ajiye a bokiti marar ruwa inda iska ke shiga, kada ya wuce kwana biyu. Na san da yawa sun saba jiƙawa a ruwa a bar shi ya kwana. Ba na son haka ko kaɗan: ruwan yana ruɓewa, yana cin roba, kuma yaro mai rarrafe zai iya kifawa a ciki ya nutse ko da ruwan bai da yawa. Wanki na biyu shi ne na gaske, da ruwan zafi da isasshen garin sabulu. In da injin wanki ne ki sa shi a digiri 60, in da hannu ne ki cuɗa sosai, ki yi ta ɗauraya har kumfa ta ƙare. Ruwan tausasa kaya mai ƙamshin nan ki ajiye shi gefe, lulluɓe zaren yake yi ya daina shan ruwa. Basilin da man ƙuraje mai kauri ma haka suke yi, saboda haka in kin shafa masa ki shimfiɗa siririn ƙyalle tsakanin fatarsa da kunzugun.

Ki shanya audugar a rana, za ki ga tabon rawaya ya kwashe da kansa. Wandon robar kuwa inuwa yake so, zafi na fasa shi.

Su kuma ƙurajen, ki riƙa canza masa duk awa biyu zuwa uku, kashi kuwa nan take. Ki wanke shi da ruwa, ki ɗan daddanna tawul a hankali har ya bushe, ki bar shi ba kunzugu na ɗan lokaci kullum. Kada ki barbaɗa masa hoda, yana iya shaƙar ta. In kwana uku suka wuce ba sauƙi, ko wurin ya yi ja sosai har cikin matsematsi da ƙananan ɗigo a gefe, ko ya fara ruwa, ko zazzaɓi ya shigo, ki kai shi asibiti. Irin wannan yana iya zama ciwon fata mai buƙatar maganin likita, wanki kaɗai ba zai kawar da shi ba.