Amsa kan maganar sa wa matatar ruwa sola

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo. Na saurari tambayar da ɗan'uwanmu ya yi jiya da daddare, cewa tunda kullum hukumomin ruwa kukansu kuɗin wuta da man gas, me ya hana a shimfiɗa musu sola kowa ya huta. Malam, tambayarka a kan hanya take, kuma ni ba na adawa da sola. Amma a matsayina na wanda ya yi aiki a ɗakin injin tura ruwa har ya yi ritaya, ina ganin akwai abin da ya kamata ya riga ta.

Shi ruwan famfo, mafi yawan wutar da yake ci ba a wajen tacewa take tafiya ba. Zuba alif da kulorin ba sa cin wuta sosai. Turawa ce take ci: a ɗago shi daga kogi, a tura shi cikin matata, a sake tura shi ya hau tankin da ke kan tudu irin na Goron Dutse a Kano, sannan ya gangaro gari. Ruwa abu ne mai nauyi, lita 1,000 tan guda ce cur. In za ka ɗaga wannan lita 1,000 sama tsawon mita 100, ko da injinka ba ya asarar komai, sai ka ƙona yunit 0.27 na wuta. Inji mai lafiya zai ci wajen 0.4. Wanda ya gaji zai iya cin 0.6, alhali ruwan da ya kai bai ƙaru da ko cokali ba.

Za ka ce ai bambancin kaɗan ne. To, ɗauki matata mai girman ta Tamburawa, wadda aka gina don lita miliyan 150 a rana. Misali kawai nake bayarwa, ba lissafinsu ba ne. Wannan ɗan bambancin na 0.2 ya zama yunit 30,000 kullum. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225, ko ka yi lissafi a kan naira 200, naira miliyan 6 ke nan a rana ɗaya. In kuwa janareta ake kunnawa abin ya fi muni, don litar gas ɗaya wajen yunit uku take bayarwa.

Me ke gajiyar da inji? Da damina ruwan kogi yana zuwa da yashi. Na sha kwance famfo in tarar da farfelar cikinsa, ƙarfen da ya zo da kauri, bakinsa ya cinye ya yi tsini, duk ya rarake. Tana juyawa, ƙara tana tashi, ma'aikaci yana zaune yana ganin komai lafiya, amma wani ruwan a ciki kawai yake kewayawa. Sai motar lantarkin da ke juya famfon. In ta ƙone a kai wa mai naɗin koyil, ta sake ƙonewa a sake kaiwa. In ba gwani ne ya naɗa ba, kowane naɗi yana rage mata ƙarfi. Ka kai hannu jikinta ka ji zafi rau, to wannan zafin kuɗin wuta ne yake fita.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne maganar bawul, wato makullin da ke buɗe ko rufe hanyar ruwa a bututu. Sau da yawa ana sayo famfon da ya fi ƙarfin aikin, wai don gaba. Da aka kunna sai a ga zai fasa bututu, sai a murɗa bawul a rufe rabi. Kamar ɗan acaɓa ne ya murɗa totur har ƙarshe kuma ya danne birki. In ka tsaya kusa da bawul ɗin za ka ji yana huci, bututun yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarka. Maganinsa sananne ne: ko a rage faɗin farfelar, ko a sa na'urar rage gudun mota, wadda muke ce wa VFD. A ƙa'ida, in ka rage gudun famfo da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci tana iya sauka kusan rabi. Sai dai inda tudun yake da tsawo sosai ribar ba ta kai haka, shi ya sa dole a auna kafin a saya, kada ɗan kwangila ya kawo abin da ba zai yi amfani ba.

Sannan yoyo. Duk ruwan da kuka gani yana malala a bakin titi daga fasasshen bututu, an riga an biya kuɗin wutarsa, an biya na alif, an biya na kulorin. Birnin Phnom Penh na ƙasar Kambodiya a 1993 yana asarar wajen kashi 72 cikin 100 na ruwansa. Shugaban hukumar, Ek Sonn Chan, da ma'aikatansa suka duƙufa canja tsofaffin bututu, suka sa mita, suka bi masu jona ta ɓarauniyar hanya, har asarar ta dawo ƙasa da kashi 10. Ƙasa ce da ta fito daga yaƙi, ba mai kuɗi ba.

Wani ɗan'uwan kuma ya yi tambaya kan tace ruwan ƙazanta. A manyan matatun ƙasashen waje, injin da ke hura iska cikin ruwan shi kaɗai yana cin rabin wutar ko fiye. Wasu sun kai ga tara iskar gas daga laka suna kunna janareta da ita, kamar matatar Marselisborg a birnin Aarhus na Denmark, wadda wutar da take samarwa ta fi wadda take ci. Mu da Allah ya ba rana da fili, tafkunan tacewa masu faɗi sun fi dacewa da mu, kusan ba sa buƙatar wuta.

To ina sola ta shigo? A rijiyar burtsatse da ƙananan garuruwa, wallahi babu kamarta: a tura ruwa tanki da rana, ya sauko da kansa da dare. Babbar matata kuwa dare da rana take aiki, batirin da zai riƙe ta kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wutar ruwa ta fi dacewa da ita, irin tashar megawat 10 da gwamnatin Kano ta gina a madatsar Tiga da nufin ba Tamburawa wuta. Amma ko wace wuta aka kawo, in an haɗa ta da cinyayyar farfela da rufaffen bawul da bututu mai yoyo, farantin sola biyu za a saya a inda ɗaya zai isa, kuma talaka yana nan yana jiran ɗan garuwa.

Don haka Alhaji, ku da za ku zauna da jami'an hukumar ruwa, don Allah ku tambaye su yunit nawa na wuta suke ƙonawa a kan kowace lita 1,000 a kowace tasha. In suka ce babu mitar auna ruwan da ke fita, ko agogon matsin ruwa ya mutu, to a fara sa wannan a kasafi, kuɗinsa kaɗan ne. In kuma suna da alƙaluman, ku turo mini nan zaure mu duba tare. Na gode, wassalamu alaikum.