Faratan 'yata sun yi baƙi bayan ta fara shan maganin sikila

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yata mai shekara 9 tana da sikila, SS. Wata biyar ke nan tana shan hydroxyurea, kuma tun da ta fara sau ɗaya kacal muka kwana a asibiti. Sai dai faratanta sun yi layi-layi baƙi, gaɓoɓin yatsunta sun yi duhu, ga ɗigo-ɗigon baƙi a gefen harshe. Kakarta ta ce maganin cutar kansa ne, yana ƙona mata jini. Yau kwana huɗu da na dakatar da shi. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya. Baiwar Allah, kwana huɗun nan sun fi faratan tayar mini da hankali. Ki tuntuɓi likitanta yau. Idan babu zazzaɓi ko gyambo a baki, galibi cewa zai yi a ci gaba da yadda take sha. Kada ki ninka don rama na baya.

Wannan baƙin sanannen abu ne. Maganin yana zaburar da ƙwayoyin da ke samar da launin fata, har da waɗanda ke tushen farce, sai farcen ya tsiro da layi daga gindi zuwa baki. Ya fi fitowa a jikin masu duhun fata, yakan kuma taɓa tafin hannu, harshe da dasashi. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. Yakan zauna muddin ana shan maganin, in an daina kuma ya tafi sannu a hankali, domin farcen hannu milimita 3 kawai yake tsirowa a wata.

Mu zo kan batun ƙona jini, wanda kusan kullum sai na ji shi, har na gaji. Gaskiya ne an daɗe ana ba masu wasu cututtukan kansar jini wannan magani. To sai me? Aikinsa a jikin mai sikila shi ne ƙara irin sinadarin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje su toshe jijiya. A 1995 an tsayar da wani babban bincike a Amurka tun wa'adinsa bai cika ba, saboda an ga tashin ciwo ya ragu da kusan rabi ga masu shansa, kuma a 1998 aka amince da shi. Binciken da aka wallafa a 2019 kan yara sama da 600 a Angola, Kwango, Kenya da Uganda ya nuna raguwar tashin ciwo, buƙatar ƙarin jini, zazzaɓin cizon sauro, har da mutuwa. Ke da bakinki kika ce sau ɗaya kuka kwana a asibiti cikin wata biyar. Jinin da ya ƙone ne zai yi haka?

Ban ga laifin kaka ba, ƙauna ce ta sa ta magana. Haushina yana kan masu kama hannun yaro su nuna wa uwa farce su ce "kin gani ko, jinin ya mutu", sannan su miƙo jarkar jiƙo da alƙawarin mayar da SS ya koma AA. Ƙarya ce tsagwaronta. Babu sassaƙe ko saiwar da ke canza abin da aka gada daga uwa da uba. Na ga yaron da ya shekara yana guje-guje da tsaransa, aka yanke masa magani saboda layi a farce, aka dawo mana da shi a saɓe, baki a karkace, hannu ɗaya ba ya motsi. Faratan sun washe kuwa. Uwar ta kasa ɗago ido ta dube ni, ni ma na rasa abin da zan ce mata. Su kuwa masu jarka ba a ganin ƙeyarsu a ranar.

Man bilicin ma kada ya kusanci yarinyar nan. Wasunsu suna da sinadarin makuri mai lalata ƙoda, ga shi ƙodar mai sikila dama a wahale take.

Illar maganin ta gaskiya ita ce rage fararen ƙwayoyin jini, kuma ba a ganinta a farce, sai a gwaji. Shi ya sa ake auna jini duk wata a farko, daga baya duk bayan wata biyu ko uku. Ki garzaya asibiti idan ta yi zazzaɓi, ko gyambo mai zafi ya fito a baki ko idon sawu, ko dasashi yana zubar da jini. Leɓe ya yi shuɗi tare da haki, ko tafin hannu ya yi fari fat, wannan ba ya jiran wayewar gari. Idan layin a farce ɗaya tak yake, yana faɗaɗa har ya hau fatar gefe, likitan fata ya duba shi.

Ranar da za ku koma ganin likita, ki roƙi kaka ta raka ku. A nuna mata takardar gwajin jinin, ta yi duk tambayoyinta.